Malama, Ki Koma Ajinki: Batun Kuntum da Kuntunna

Wasiƙar wannan makon daga wata baiwar Allah ta fito. Na ɗan gajarta ta.

"Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce da 'ya'ya huɗu. Na haddace Alƙur'ani tun ina budurwa, shekara uku ke nan kuma ina biya wa matan aure hadda a Islamiyyar unguwarmu. Da malamar Larabci ta haihu sai aka ce in riƙe mata aji kafin ta yi arba'in. Ranar Lahadi na shiga da ƙwarin gwiwata, da yake rabin ajin ba su zo ranar Asabar ba, na ce musu 'aina kuntum amsi?' wato 'ina kuka kasance jiya?' Sai wata amarya da ta yi makarantar Arabiyya ta ɗaga hannu ta ce, 'Malama, kuntunna ne, ai mu mata ne.' Na daure na juya allo zan rubuta 'mata sun kasance', na sa alifi a ƙarshe. Ta sake ɗaga hannu ta ce wannan 'mun kasance' ne. Wallahi Anti ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun ranar ban koma ba, na aika cewa zazzaɓi nake yi. Maigidana ya ce in haƙura da koyarwar gaba ɗaya tunda ba biyana ake yi ba. Na haddace jadawalin kaana, wato fi'ilin Larabci na 'ya kasance', ya fi sau goma, amma da na zo wajen jam'i sai komai ya cakuɗe min. Ko ƙwaƙwalwata ce ta tsufa? In ajiye ne?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Amaryar nan ta yi daidai duka sau biyun, gara mu ajiye wannan a gefe tun da wuri. Shi kuma zazzaɓin da kika ƙirƙira, ki sallame shi tun bai zo da gaske ba. Asabar mai zuwa ina so a gan ki a aji. Kafin ranar bari mu zauna a kan kalmomin nan, don guda biyar ne kacal, kuma duk biyar ɗin suna cikin kanki tun kina budurwa. Abin da ya rage shi ne a nuna miki inda kika ajiye su.

Ƙwaƙwalwar da ta riƙe izu sittin ba ta tsufa ba. Hausarki ce ke yi miki ƙafar ungulu, kamar yadda take yi wa kowannenmu. Mu a Hausa muna bambanta namiji da mace muddin mutum ɗaya ne: ya zo, ta zo, ka zo, kin zo. Da zarar sun kai biyu shi ke nan, an zuba su a tukunya ɗaya: sun zo, kun zo. Maza ne, mata ne, awaki ne, kujeru ne, duk "su" ne. Bakin da ya shekara talatin da wani abu bai taɓa neman "ku" ta mata daban ba, dole ya ɗauko kuntum ya miƙa wa kowa. Ga kuma wani tarko da ban cika jin malamai suna ambatawa ba. Kalmomi huɗu cikin biyar ɗin nan da "kun" suke farawa, kunnen Bahaushe kuwa da ya ji "kun" ya riga ya yanke cewa da "ku" ake magana. Ga kunnaa tana nufin "mun kasance", ga kunna tana nufin "sun kasance", amma goshinsu na ta ce miki "kun". A Hausa mai aikin a gaba yake tsayawa, aikatau ya biyo shi bai sauya ba. A fi'ilin da ya wuce na Larabci, wato madi, mai aikin a wutsiya yake. Don haka ki daina kallon goshin kalmar, wutsiyar za ki riƙa kamawa.

Ga su nan. Maza da ba sa wurin, ko maza da mata a haɗe, كَانُوا kaanuu. Mata zalla da ba sa wurin, كُنَّ kunna. Maza da kike fuskanta, ko a haɗe, كُنْتُمْ kuntum. Mata zalla da kike fuskanta, كُنْتُنَّ kuntunna. Mu kuwa, maza ne mu ko mata, كُنَّا kunnaa. Ki tuna jam'in Larabci daga uku yake farawa. Mutum biyu suna da nasu, kaanaa da kaanataa da kuntumaa, sai dai "mu biyu" ba ta da wata siga ta daban, kunnaa ɗin dai ce.

Za ki lura kaanuu ce kaɗai ta riƙe alifinta na tsakiya. Wannan yana da dalili, kuma in kika gane dalilin kin huta da haddar jadawali. Asalin kalmar harufa uku ne: kaf, wau, nun. Wau ɗin ne kike ji a yakuunu, shi ne a "kun fa yakuun". A madi sai ya rikiɗe ya zama alifi saboda fatahar da ke gabansa, aka samu kaana. To idan aka liƙa wa kalmar wutsiya mai farawa da harafi mai wasali, irin su tum, tunna, na, naa, dole nun ɗin ya ɗauki ɗauri, wato sukun. Shi kuma alifi da ma sakini ne. Sakinai biyu ba sa zama ɗaki ɗaya a Larabci, dole ɗaya ya kwashe kayansa, kuma alifin ne ke fita. Sai a ɗora wa kaf rufu'a, ta zama sawun wau ɗin da ya taɓa zama a wurin. Daga nan kika samu kun-tum, kun-tunna. A kaanuu kuwa wutsiyar wau ce ta ja, nun ya samu wasalinsa, babu wanda ya takura wa alifi, sai ya yi zamansa. Wancan alifin na biyu da ake rubutawa bayan wau a ƙarshe ba a furta shi, alama ce kawai cewa wannan wau na jama'a ne. Ɗalibanki za su riƙa mantawa da shi a rubutu, ki sa ido.

Yanzu ga inda amarya ta kama ki karo na biyu, kunna da kunnaa. Ki warware su ki gani. Ta farko kun ce aka ƙara mata na, nunin mata. Ta biyu kun ce aka ƙara mata naa ta masu magana. A duka biyun nun ya haɗu da nun, aka cusa ɗaya cikin ɗaya aka sa shadda. Ke da kike koyar da tajwidi ba sai na faɗa miki sunan wannan ba. Abin da ya raba su tsawon numfashi ne kawai a ƙarshe. In kina so ki ga abin ba tare da shadda ta rufe miki ido ba, ki ɗauki ƙaala, wadda ita ma wau ne a cikinta. A Suratu Yusuf aya ta 31, matan da suka yanke hannayensu "wa ƙulna haasha lillaahi", suka ce, su matan. A Baƙara aya ta 35 kuwa "wa ƙulnaa yaa Aadamu", Muka ce. Ko sau ɗaya na san ba ki taɓa musanya waɗannan biyun a tilawa ba, kuma da ɗalibarki ta ja ƙulna ta Yusuf da kin tsayar da ita nan take. Kunna da kunnaa su ne ƙulna da ƙulnaa sak.

Wani abin ban dariya ma, bakinki yana yin wannan bambancin kullum a tsakar gida, da wannan kalmar kanta. Ki ce "na kunna fitila", sannan ki ce "na kunna ta". Ki saurari kanki da kyau. A ta farko wasalin ƙarshe gajere ne, a ta biyu kin ja shi. Rubutun boko ne ba ya nuna mana, shi ya sa muke ɗauka abu ɗaya ne, kamar yadda yake rubuta garin da ake zama da garin tuwo iri ɗaya. Ta fitila ita ce ta mata, ta "kunna ta" ita ce tamu. Akwai kuma gwajin tsayawa. In kika yi waƙafi a kan kunna, wasalin zai faɗi, ki tsaya a kan nun da gunnarsa. In kika tsaya a kan kunnaa, alifin na nan daram.

Shawarata ta gaske ita ce ki jingine jadawalin nan na huwa, humaa, hum da ake rerawa kamar waƙa. Yana da amfaninsa, amma illarsa ita ce in kina neman ta goma sha biyu sai kin faro daga ta ɗaya, ɗaliba kuwa ba za ta jira ki gama rerawa ba. Ke kina da abin da ya fi shi. Ki ɗaure kowace kalma da aya ɗaya da kika riga kika haddace. Lambobin da zan ba ki na mushafin Hafsu ne, in na Warshu ne a hannunki za ki iya ganin sun ɗan gota.

Ki buɗe ayoyin gado a Suratun Nisa'i, domin a nan ne Larabci ya baje kolin wannan babin. Aya ta 11 tana maganar 'ya'ya mata: "fa in kunna nisaa'an fauƙas-nataini", idan sun kasance mata ne sama da biyu, suna da kashi biyu cikin uku na abin da aka bari. Aya ta 12, a kan 'yan'uwa ta wajen uwa: "fa in kaanuu aksara min zaalika". Sai aya ta 176, ta ƙarshen surar, wadda ta haɗa biyu a numfashi ɗaya: "fa in kaanatas-nataini" ga 'yan'uwa mata biyu, sannan "wa in kaanuu ikhwatan rijaalan wa nisaa'an". Kin ga hujjar cewa maza da mata in sun haɗu kaanuu ake cewa, ayar da bakinta ta ambaci rijaalan wa nisaa'an. Kin kuma ga cewa wutsiyar nan da muke rainawa rabon gado ne ke rataye a jikinta.

Ta mu kuma tana Tabaraka, aya ta 10, har sau biyu: "lau kunnaa nasma'u au na'aƙilu maa kunnaa fii as'haabis sa'iir". Kuntum ba ta ɓuya, "kuntum khaira ummatin" a Ali Imrana aya ta 110, ga "in kuntum saadiƙiin" da ke ta maimaituwa. Ita kuwa kuntunna da ta sa ki kwanciyar zazzaɓi, tana Ahzabi aya ta 28 da ta 29, inda aka umarci Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa matansa "in kuntunna turidnal hayaatad dunyaa", sannan "wa in kuntunna turidnal Laaha wa Rasuulahu". Duk ranar da kika tsaya gaban ajin mata zalla, ki tuna da wannan ayar kafin ki buɗe baki. Sau nawa kika biya wa matan nan ita? Kuntunna ta sha fita daga bakinki daidai, ba ki dai taɓa tsayawa kin kalle ta a matsayin nahawu ba.

Tunda na ambaci Warshu, kada wata ta rikita ki da "kuntumuu". A Baƙara aya ta 28 mai karatun Warshu zai ce "wa kuntumuu amwaatan" yana jan mim ɗin, saboda hamzar da ta biyo baya. Kalmar dai kuntum ce, hukuncin ƙira'a ne ya ja ta.

Ayoyin nan za su ba ki wata riba a kyauta. Ki dubi fi'ilin da ke bin kowace ɗaya: kunnaa nasma'u, kuntunna turidna, "in kunna yu'uminna" a Baƙara 228, "bimaa kuntum ta'amaluun", "bimaa kaanuu ya'amaluun". Kowace da abokin tafiyarta. Ko da kunnenki bai kama tsawon wasalin ba, in kin ji fi'ilin gaba ya fara da nun, mu ne. In kuwa bayan kunna ya fara da harafin ya, ya ƙare da na, mata ne. Wannan haɗin na kaana da fi'ili mudari'i, wato na aikin da ke kan gudana, shi ne abin da masu tafsiri ke fassarawa da "sun kasance suna aikatawa". A Hausar gida cewa za mu yi "da can suna yi" ko "sun saba yi". Ki ba ɗalibai duka biyun, ta biyun ta fi saurin shiga.

Akwai ramuka a gaba da na san amaryarki na jiran ki a bakinsu, gara in nuna miki su tun yau. Na fi sanin na farkon, domin ni na faɗa cikinsa. Shekarar da na fara koyarwa, a wata makarantar 'yan mata, na rubuta a allo da manyan harufa: kaanuu al-banaatu fil fasli, ina nufin 'yan matan sun kasance a aji. Har na ja layi a ƙarƙashi. Wani dattijon malami da ke wucewa ta taga ya tsaya, ya yi sallama ya shigo. Bai ce min uffan ba. Ya sa babban yatsa ya goge wau da alifi, ya karɓi allin hannuna ya rubuta ta, ya karkaɗe hannun rigarsa ya fita. Har yau ina iya ganin farin allin a bakin aljihunsa. Yara suka ƙunshe dariya, ni kuma na je bayan ofishin malamai na sha kukana. Laifi biyu na yi a kalma ɗaya. Na ba mata sigar maza, sannan na jam'inta fi'ilin da ya riga mai shi zuwa. Ƙa'idar ita ce in fi'ili ya zo gaba, sunan ya biyo shi a fili, fi'ilin tilo yake zama ko mutum dubu ne: kaanat-tullaabu, wato kaana at-tullaabu, ɗalibai sun kasance, da kaana ta namiji, kaanatil banaatu da kaanat ta mace. Sai in sunan ne ya fara zuwa sannan jam'in ke fitowa: at-tullaabu kaanuu, al-banaatu kunna.

Na biyu, abin da ba mutum ba. Littattafai, ranaku, motoci, awaki, jam'insu a Larabcin yau da kullum mace ɗaya ake ɗaukar sa. Al-kutubu kaanat jadiidatan, littattafan sun kasance sababbi. In kika ce kaanuu kin mai da littattafan mutane. Na uku kuma aikin kaana ne kanta: tana barin sunanta, wato wanda ya kasance ɗin, da rufu'a, ta yi wa labarinta, wato abin da aka faɗa a kansa, nasabu, wanda alamarsa ta asali fataha ce. Shi ya sa kike karanta "innaa kunnaa zaalimiin" ba zaalimuun ba, "in kuntum mu'uminiin" ba mu'uminuun ba. Da kika zo ga mata sai a kula, don jam'in mata mai ƙarewa da alifi da ta, nasabunsa da kasra yake zuwa. Kuntunna gaa'ibaatin, kun kasance ba kwa nan. Mai gaggawa zai ce gaa'ibaatan, kuma kuskure ne. Tunda rashin zuwansu ranar Asabar ne ya jawo duk wannan, ga jimlarki nan a shirye.

In wannan zai sanyaya miki rai, su kansu Misirawa a maganarsu ta kasuwa sun yi watsi da kunna ta mata da kuntunna, sun haɗe maza da mata a siga ɗaya kamar mu. Amma ke Larabcin Alƙur'ani aka ba ki amana, don haka babu wannan rangwamen a ajinki.

Sai batun Asabar. Ki riga kowa zuwa. Ki rubuta kalmomin biyar a allo da wasullansu, kowace da ayarta a gefe. In sun zauna ki ce musu kai tsaye, "Ranar Lahadi na yi kuskure biyu, wance ta gyara min, Allah Ya saka mata da alheri, ga daidai ɗin." Kada ki tsawaita, kada ki yi ta ba da haƙuri, kada kuma ki ce gwada su kike yi, matan aure ne, sun san ƙarya in sun ji ta. Daga nan ki tayar da uku su tsaya a bakin ƙofa. Ki nuna su ki tambayi aji, aji su ce kunna. Ki juya ki fuskance su ki ce kuntunna. Su amsa da kunnaa. Ki ce a ƙaddara ɗan wata a cikinsu ya shiga tsakaninsu, a ga yadda kunna za ta koma kaanuu, kuntunna ta koma kuntum, ita kuwa kunnaa ko gezau. A yi ta juyawa har kowa ta tashi sau ɗaya. Minti ashirin na wannan ya fi musu mako guda na rera jadawali, kuma ke ma a nan zai zauna miki.

Amaryar kuma kada ki ƙullace ta. Hannu ta ɗaga, Malama ta kira ki, ba ta yi miki dariya ba a yadda kika ba ni labari. Wadda ya kamata ki ji tsoro ita ce wadda ta gane kuskuren ta yi shiru, ta je gidan suna tana ba da labari. Ki jawo yarinyar nan jiki. Ki ce ta riƙa zuwa da wuri kuna duba darasin tare, ke kuma ki riƙa sauraron haddarta. Ina kyautata zaton in aka zo mutashabihai, ayoyin nan masu kama da juna, ita ma za ta sha gyara a hannunki, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abu ɗaya zan ce ki kiyaye: kada ki sakar mata ajin don kunya. Ke aka ba riƙo.

Shi kuma maigida, tausayinki ne ya sa ya faɗi haka, ya ga matarsa ta dawo ido jawur. Ki same shi cikin natsuwa ki ce kin yi tunani, kina neman izininsa ki ƙarasa kwanakin da suka rage, alkawari ne kika ɗauka. Ki kuma gaya wa shugabar makaranta gaskiyar abin da ya hana ki zuwa, tun kafin ta turo a duba mara lafiya da ledar lemo, abin ya zama kunya biyu.

Kowane dare kafin aji ki rubuta jimla biyar da kike shirin faɗa da Larabci, ki duba wutsiyar kowane fi'ili, ki tambayi kanki da wa nake magana, su nawa ne, akwai namiji a ciki? Abin da ba ki shirya ba ki faɗe shi da Hausa, babu wanda zai kama ki da laifi.

Ki gaishe min da mai jego. In kin je barka ki tafi da littafin ajin a jakarki, ki tambaye ta inda ta tsaya da inda take so ki kai mata, don na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga inda kika ce kin tambaye ta ba.